Jitar Malamin Gona

A shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ina da takardar shiga makarantar koyon aikin lantarki a Kaduna. Saura mako uku in tafi, Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa na gyaran rediyo a Jega, da rana tsaka, da sukurdireba a hannunsa. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye: hannu, ƙafa, da rabin baki. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Ƙannena mata biyu suna gidajen mazansu, ɗaya a Fagada, ɗaya can Andarai. Inna kuwa mace ce 'yar ƙarama mai ciwon gwiwa, ko daga tabarma zuwa kujera ba ta iya ɗaga shi. Ba wanda ya ce mini kada in tafi. Ba wanda ma ya ta da maganar. Wata safiya na ɗauki makullin shago na je na buɗe, shi ke nan.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga. In na tsaya a tsakiya na buɗe hannuwa, ina taɓa kantar dama da ta hagu, dukansu cike da rediyoyin da masu su suka manta da su. Baba ya ƙi zaman gida. Kowace safiya, bayan na wanke shi na sa masa riga, sai in goya shi in bi lungun da ya haɗa gidanmu da shago, in ajiye shi a wata tsohuwar kujera mai hannu a bayan teburin aiki. Nan yake wuni, ina jin numfashinsa a ƙeyata. In na zare ƙarfen dalma daga garwashi bai gama zafi ba, sai ya yi wani gurnani a maƙogwaro. In na juya taransista baibai, gurnani. Maganarsa ta dunƙule, Inna kaɗai ke iya warware ta duka. Ni ina gane rabi, amma na koyi nuna kamar ko kwata ba na ganewa, domin in na nuna na ji, to dole in bi.

Wata rana wajen hantsi wani dogon mutum ya tsayar da babur a ƙofar shago. Ya ɗaure kwali a bayan babur ɗin, ya kuma rataya wani dogon abu a bayansa, a naɗe cikin zane. Daga gaisuwarsa na san ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarsa irin ta mutanen Filato ce.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji shi. "An ce mini duk yankin nan, in ba nan ba sai Sakkwato."

"Wancan aka nuhi," na ce, na nuna Baba da haɓa. "Ni tsaron shago nika yi."

Sai ya shigo ya durƙusa har ƙasa gaban Baba. Ya miƙa hannu, ya lura da na daman da ke kwance a cinya, nan take ya kama na hagun da hannu biyu ya gaishe shi. Na daɗe ban ga baƙo ya yi haka ba. Yawanci da ni suke magana, a bisa kan Baba, kamar kujerar ce kawai a wurin.

Baƙon malamin gona ne, Kirista, an ajiye shi a Maiyama. Ofishinsu suna da a-kori-kura da ƙaramin janareta da lasifika, suna bin kasuwanni suna wayar wa manoma kai a kan taki da tsutsa da yadda ake adana albasa. Da farko mutane ba sa tsayawa. Da ogansu ya ji labarin yana kaɗa jita a cocinsu, sai ya ce ya riƙa buɗe taro da waƙa. Ya ƙirƙiri waƙoƙin gona da Hausa, jama'a suka fara taruwa don su ga wannan garayar ta lantarki.

Ya kwance zanen, ga jita ja, fentinta ya goge a inda hannu ke kwanciya. Daga kwalin ya fito da wasu ƙananan akwatunan ƙarfe guda uku, kowanne da makunni a bisa wanda ake takawa da ƙafa. Feda yake kiransu, kamar ta keke. Ɗaya tana sa sauti ya riƙa amsa kansa kamar a cikin rijiya, ɗaya tana sa shi kaushi, ta ukun tana sa shi rawa. Waya ta fito daga jita ta shiga ta farko, daga nan ta biyu, ta uku, sannan amfilifaya. Ranar an yi sa'a akwai wuta. Muka jona a amfilifayar teburina, ya kaɗa, ya taka ta farko.

Tas!

Sai da na zabura. Ya ɗaga ƙafa ya sake takawa. Tas! Kowace daga cikin ukun haka take yi, a kunnawa da a kashewa.

"Wannan ɗaya ke nan," in ji shi. "Na biyu, in na haɗa su duka, muryar jitar tana dushewa ko da ban taka komai ba. Sai in ƙara wa amfilifaya ƙarfi, sai ƙarar nan ta ƙara girma."

Daga bayana Baba ya yi magana. Kalma ɗaya ce, ya maimaita ta sau biyu. Na ji ƙarshenta sarai, amma ban juya ba.

"Me Baba ya ce?" Malam ya tambaya.

"Gaisuwa yaka yi," na ce.

Mako biyu ina fama da fedojin nan. A raina makunnan ne suka ci datti. Na buɗe su na wanke da sifirit, na kankare bakinsu da reza, ɗaya ma na cire shi gaba ɗaya na sa na wata tsohuwar rikoda. Ƙarar tana nan daram. Malam yakan biyo duk bayan kwana uku ko huɗu, ya zauna a benci a waje don ciki ba wurin mutum na uku, ya karɓi kayansa ranar da suke da fita, ya dawo da su washegari. Bai taɓa nuna mini gajiya ba, wannan ma ya fi damuna.

Rannan ya ce, "Injiniya, ko za ka biyo mu Aliero ranar kasuwa? Abin da take yi a fili ya fi na shago muni. Ka gani da idonka."

Gaskiya ba don gyara na amsa ba. Tun faɗuwar Baba ban wuce tashar mota ba. Na roƙi telan da ke maƙwabtaka da mu, tsohon abokin Baba ne, ya riƙa leƙa shi. Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ka san halinai. Ba shi yarda kowa shi taɓa shi in ba kai ba."

"Wuni guda na, Inna. Kahin la'asar na komo."

Lokacin cire albasa ne. Tun kafin mu shiga Aliero warinta ya tarye mu, ga buhuna jere har sun fi mutum tsawo, ga manyan motoci ana lodi. Direba ya tsaya a gefen 'yan albasa, aka ta da janareta. Ogansu, wani gajeren mutum mai son a ga aikinsa, ya ce Malam ya sauka ƙasa ya tsaya cikin mutane, kada ya tsaya a bisa mota. Don haka aka jawo wata doguwar waya, ta kai taku ashirin, daga jita zuwa fedoji, wata kuma daga fedoji zuwa mota.

Da Malam ya fara kaɗawa na gane abin da yake faɗa. Jitar da na ji tana ƙyalli a shago ta koma kamar an kifa mata ƙwarya. Ƙananan muryoyin nan masu kaifi duk sun ɓace, sai dum-dum kawai. A ƙarƙashin wannan kuma ga wani ƙugi mara yankewa da ke biyo wutar janareta. Na hau bayan motar ina taɓa wayoyi. Da yatsana ya sauka a kan ƙarfen fulogin da ke shiga amfilifaya, ƙugin ya ragu. Na ɗaga, ya dawo. Malam ya waiwayo daga cikin taro ya yi mini alama da kai: riƙe, kada ka saki.

Haka na tsuguna tsakanin janareta da akwatin lasifika, wurin da bai fi faɗin tabarmar salla a ninke ba. Hayaƙi yana shiga idona, ƙarfen mota yana gasa mini tafin ƙafa ta cikin silifa, hannuna ɗaya a maƙale da fulogi. Ba na ganin kasuwa, ba na ganin taro, sai bayan akwati da gwiwoyina. Na baro shago don in sha iska, ga inda na ƙare.

Oga ya leƙo ya ce ba a ji daga baya, ya murɗa amfilifaya har ƙarshe. Malam ya kai amshin waƙar, inda yakan sa amsa-kuwwa, ya taka.

Wannan karon ba tas ba ce, kamar bindigar maharbi ce a bakin kunne. Akwai wani raƙumi da ake sauke wa kaya kusa da mota. Ya miƙe zumbur da buhu biyu a rataye, ya fizge akala, ya ratsa ta tsakiyar taro. Buhunan suka fashe, albasa ta watsu har ƙarƙashin motoci, wata mai fura ta yi ta kanta ta bar ƙwarya. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Da aka kamo raƙumin, rabin jama'a suna dariya har da riƙe ciki, rabi suna tsintar albasa suna mayar wa mai ita, shi kuwa yana tsaye gaban Malam yana kumfar baki.

"Kiɗi na ko yaƙi? In harbi kuka zo yi ku gaya muna!"

Malam ya yi ta ba shi haƙuri, jita a rataye a wuya, har ya durƙusa yana tsintar albasa tare da mutane. Oga ya bari sai da muka bar garin. A bakin hanya ya sa aka tsaya, ya zagayo baya inda muke zaune, ya ce in aka ƙara jin wannan ƙarar sau ɗaya, jita ta bar motarsa har abada.

Muka ci gaba da tafiya mota tana jijjiga mu. Can Malam ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce tun tsohuwar jiha aka ɗauke shi aiki. Da aka raba ma'aikata, sunansa ya faɗo wannan ɓangaren, amma fayil ɗinsa ya maƙale tsakanin tsohuwar hedikwata da sabuwa. Can su ce sun aiko, nan su ce bai iso ba. Ba fayil, ba canjin wurin aiki. In kuma ya ajiye aikin ya tafi, shekarun da ya yi sun tafi a banza. Matarsa ta gwada zama a Maiyama, zafi da zazzaɓi suka kore ta, ta koma gida da 'yan matansu biyu. Ƙaramar ba ta gane shi ba da ya je hutun ƙarshe.

"In aka cire jitar nan," in ji shi, "sito za a mayar da ni, in zauna gadin buhunan taki daga safe har yamma. Ita kaɗai ke fitar da ni."

Ban ba shi nawa labarin ba. Ya riga ya gani.

Mun iso Jega la'asar ta ɗan gota. Tun daga nesa na hango tela a tsaye a ƙofar shagonmu, ya tare ƙofar da jikinsa. Da ya gan ni ya kauce. Baba yana ƙasa, tsakanin kujera da tebur, a kan ɓarinsa da ya mutu. Fitsari ya matse shi tun azahar, ya ƙi kiran kowa, ya yunƙura da kansa ya faɗi. Da tela ya zo ɗaga shi, da hannun hagu ya yi ta dukansa har ya ƙyale shi. An aika wa Inna, ta zo ta gwada ta kasa, ta koma ta ɗora ruwan zafi. Tela ya tsaya a ƙofa don kada masu wucewa su gani.

Na goya shi da jiƙaƙƙen wandonsa. A lungu mutane suka riƙa kau da kai. A bayan gida, ina zuba masa ruwa, abin da ke cikina ya fito.

"Wuni guda, Baba. Wuni guda tak ban da ikon yi? Sa'o'ina suna Kaduna, ni ina nan ina wankin wando."

Ya rufe ido. Ruwa yana gangarowa daga gemunsa. Inna tana bayan zana da tawul a hannu, na ga ƙafafunta, ba ta shigo ba kuma ba ta tafi ba.

Kwana uku Baba bai yi gurnani ba. Na ɗauki ƙarfen dalma da sanyinsa da gangan, shiru. Na bar waya a sake inda yake gani, shiru. Yana zaune a bayana kamar kullum, amma numfashin ma kamar yana ɓoye shi. Ban san shagon zai iya ƙara matsewa ba sai a kwanakin nan.

Rana ta huɗu na buɗe fedar amsa-kuwwa a kan tebur, na zuba mata ido, ba ni da sauran dabara. Sai na juya kujerata na fuskance shi. Tun da ya kwanta ciwo ban taɓa zama da shi fuska da fuska a shago ba.

"Baba, ran da Malam yaz zo, mi kac ce?"

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya haɗa bakinsa da ƙyar. Na farko bai fito ba, yawu ya zubo, na goge masa da gefen rigata. Na biyu ya fito.

"Yoyo."

"Mi ka yoyo?"

Ya ɗaga hannun hagu. Na kawo masa fedar kusa, yatsansa ya sauka a kan wata 'yar kwandansa kusa da inda waya ke fita. Sannan ya nuna kanta ta sama, inda wani gwangwanin madara yake wanda yake tara rizistoci a ciki tun ina ƙarami. Na juye su a faranti na riƙa ɗaga masa ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza kai, ya girgiza kai. Da na ɗago wata mai zanen ruwan ƙasa da baƙi da kore, ya lumshe ido. Ya taɓa bakin kwandansar, ya ja yatsa zuwa jikin ƙarfen akwatin.

Nan take abin ya buɗe mini, har na ji kunya. Aikin kwandansar nan shi ne ta bar sauti ya wuce, ta tare wutar da ke cikin fedar kada ta biyo shi. In ta tsufa sai ta riƙa yoyo kaɗan-kaɗan. Lokacin da feda take kashe, wutar da ta yoyo ba ta da inda za ta bi, sai ta taru a bakin makunni. Kana takawa ta zube gaba ɗaya cikin amfilifaya, ita ce ƙarar. Ba laifin makunni ba ne ko kaɗan. Rizistar da Baba ya zaɓa babba ce ƙwarai, siririyar hanya ce da za ta riƙa tsiyayar da wutar zuwa ƙasa ba tare da ta sha sautin ba. Tun ƙara ta farko ya gane, yana zaune da hannu ɗaya. Ni na ɓata mako biyu da raƙumin mutane.

Na sa rizista a mashiga da mafita ta kowace feda, na canza kwandansa biyu da suka kumbura. Babu jita a shago ranar, sai na jona amfilifaya na murɗa ta sosai, na ajiye fedar a ƙasa na taka. Ƙarar ƙarfen makunni kawai na ji a ƙarƙashin ƙafata, lasifika ba ta ce komai ba. Na taka ta biyu, na taka ta uku, na koma na yi ta takawa kamar mai ɗinki da keke. Da na waiwaya, ɓarin bakin Baba mai rai ya ɗan ja sama. Ban ba shi haƙuri da baki ba, a gidanmu ba mu iya wannan ba. Na dai sayo masa kunun zaƙi na riƙe masa kofin har ya shanye.

Saura dushewar murya. Da na kwatanta masa abin da na ji a Aliero, ya ɗaga kafaɗa ɗaya. Shi rediyo da rikoda ya sani, bai taɓa buɗe jita ba. Sai na zaro littattafan da na saya don shirin Kaduna daga ƙarƙashin gado, gara ta fara cin gefen ɗaya. Na roƙi Malam ya bar mini jitar kwana biyu. Na jona ta kai tsaye da gajeriyar waya, ta yi ƙyalli. Na sa doguwa, ta ɗan dushe. Na ƙara feda ɗaya a kashe, ta ƙara dushewa. Ashe muryar da ke fita daga jita ba ta da ƙarfi irin na rikoda. Doguwar waya tana shanye mata kaifi, kowace feda kuma tana gutsurar nata ko ba a taka ta ba.

Abin da littafin ya nuna shi ne a ba muryar ƙarfin tafiya tun daga bakin jita, ba a ƙarshe ba. Na ciro taransista ɗaya daga wata matacciyar rediyo, na haɗa ta da 'yan rizistoci da ƙaramin batir a cikin gwangwanin kifi, don ƙarfen gwangwanin ya tare ƙugi. Na farko da na haɗa ihu ya yi ta yi kamar ɗan akuya. Na warware na sake. Na biyu ya yi shiru, na jona doguwar wayar nan ta Aliero a bayansa na ja tsirkiya ɗaya, sautin ya fito tar kamar ba waya. Na yi wa gwangwanin maratayi don Malam ya maƙala a ɗamararsa. Wayoyin da ke tsakanin fedoji na yanke su zuwa taƙi ɗaya-ɗaya, na kafe fedojin uku a kan katako guda don kada su riƙa motsi. Na raba su da wutar janareta na mayar da su kan batir, na kuma ja waya ɗaya mai kauri daga jikin amfilifaya da za a ɗaure a ƙarfen mota, ta yi aikin da yatsana ya yi.

Duk kwanakin nan Baba yana kallo. Sau ɗaya ya yi alama in kawo masa gwangwanin. Ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya bi kowace dalma da kallo, ya daɗe. Ya miƙo mini, bai yi gurnani ba.

A kasuwar Maiyama suka fara gwadawa. Malam ya roƙe ni in zo, na ce a'a, bai sake tambaya ba. Washegari ya iso da kaji biyu a ɗaure a babur, ɗaya ya ce ta Baba ce. Ya ce ya taka feda ya fi a ƙirga, ko jaki bai ɗaga kunne ba, oga har ya ce a ƙara waƙa ɗaya.

Da zagayensu ya kawo kasuwar Jega, a bakin 'yan hatsi suka tsaya, ba nisa da shagonmu. Ban je ba. Na jawo kujerar Baba zuwa bakin ƙofa, na tsaya a bayansa. Ta saman hayaniyar kasuwa da kukan awaki da hon ɗin motoci muka ji jitar ta taso, siririya, mai kaifi. Da ya kai amshi sai sautin ya fara amsa kansa, ba mu ji lokacin da ya taka ba. Wani mai rediyo yana tsaye yana jirana da kayansa a hammata, na bar shi har waƙar ta ƙare.

Damina ta zo ta wuce kafin fayil ɗin Malam ya ɓulla, a cikin wani kabad da ba a buɗe ba tun rabon ma'aikata. Aka amince ya koma jiharsu. Ranar da ya zo sallama ya durƙusa gaban Baba kamar ranar farko, sannan ya ce yana da magana, kuma a gaban Baba yake so ya yi ta. Akwai wani ɗan'uwansa a Jos mai shagon gyaran kayan kiɗa na coci-coci da makaɗa, yana neman mai hannu. Ya ba shi labarin gwangwanin kifi. Akwai ɗaki a bayan shagon, akwai kuma makarantar yamma kusa.

Ban dubi kowa ba, na ce Malam ya san yadda gidanmu yake.

Sai Baba ya bugi hannun kujera da tafinsa na hagu. Ya haɗa baki, ya fitar da ita sarai, har Malam ma ya ji.

"Tahi."

"Baba, wa ka ɗaukar ka?"

"Tahi," ya sake cewa, ya ƙara da sunan Allah.

Da yamma na gaya wa Inna. Tana zaune ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi a gwiwa. Ta ce in na tafi ba za ta riƙe ni a rai ba, za a san yadda za a yi, ko mijin ta Fagada ya riƙa zuwa. Mu duka mun san mutumin yana da gonarsa da tsohuwarsa. Na kwana biyu ina jujjuya maganar. Na je har tasha na tambayi motar Jos ta wace hanya take bi, na tsaya ina kallon ana ɗaure kaya. Sannan na dawo, don lokacin juya Baba ya yi, in ya daɗe a ɓari ɗaya bayansa yana yin gyambo.

Na ce wa Malam ya yi mini godiya wurin ɗan'uwansa. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce ƙofa a buɗe take. Baba ya yi fushi da ni kusan mako guda, fushi na gaske, har ya ƙi karɓar abinci daga hannuna sai daga na Inna. Daga baya ya sauko. Ya ƙara shekara tara a duniya, a cikinsu na yi aure, aka haifa mini biyu, ya ga dukansu.

Wasiƙa ɗaya Malam ya aiko, bayan wata biyar da tafiyarsa. Ya ce ƙaramar 'yarsa ta saba da shi, har tana bin sa coci tana riƙe masa waya. Ɗan'uwansa ya jira ya gaji ya ɗauki wani. Ya ce makaɗa biyu sun ga gwangwanin suna son irinsa, amma sun buɗe sun kasa gane haɗin, ko zan zana musu. Na zauna da biro na zana shi a bayan kwalin batir, na rubuta launin kowace rizista da Hausa, na nuna ƙafar taransista da ke zuwa ƙasa don nan ake yawan kuskure. Na ba wani direban motar albasa da ya ce yana bi ta Jos, ya cusa a aljihun gaba ya ce in sha Allahu. Ban sami amsa ba, direban kuma da na sake ganinsa ya ce ya ba wani a tasha ya kai.